Gurbi na Arba'in da Ɗaya

A duk kamfanin babu wanda ya kai Goggo daɗewa, sai fa tsohuwar kwamfutar da ke ɗakin ƙasa, wadda ta riga ta zuwa da shekara guda. Kamfani ne na rarraba magunguna. A sayo daga masana'antu, a tara a babban sito, sannan motoci su kwasa su kai ƙananan sito-sito da ke garuruwa, daga can kuma asibitoci da kantuna su zo su ɗauka. Sunan Goggo kuwa ɗan wanta ne ya jawo mata shi, lokacin da ya yi aikin masinja a wurin na ɗan wani lokaci. Ya bar aikin tuni, har ya tara iyali, amma sunan ya ƙi tafiya. Direbobi da akantoci da manajoji duk haka suke kiranta, har da waɗanda suka girme ta.

Aikinta shi ne kula da manhajojin kamfanin, waɗanda aka rubuta da Kobol, tsohon harshen kwamfuta da ma'aikatan bene na sama ke jin labarinsa kamar labarin kakanni. Su suna can da na'urorinsu masu launi, ita kuma tana ƙasa gaban baƙin sikirin mai koren rubutu, sanye da rigar sanyi ruwan toka, saboda na'urar sanyaya ɗakin ba a kashe ta rani da damina.

Wata Litinin da hantsi manaja ya sauko da kansa, abin da bai saba yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannuwa.

"Goggo, sannu da aiki. Wannan sanyin naku ba ya hana ki sakat?"

"Yallaɓai, ni da shi mun saba. Sai in na fita waje nake yin mura."

Ya yi dariya, ya ja kujera ya zauna. Ya ce albishir ya kawo mata, guda biyu. Na farko, an amince a sayi sabon tsari baɗi, za a kashe tsohuwar kwamfutar, kuma hakan ya zo daidai da lokacin ritayarta. "Kin ga ke da ƙawarki sai ku huta tare." Na biyu kuma, kafin nan za a buɗe sabon sito, an riga an kama gini, ana fenti.

"Masha Allah," in ji Goggo. "Na nawa ke nan?"

"Na arba'in da ɗaya."

Goggo ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Manaja ya ga fuskarta ta canja, ya tambaya ko lafiya. Ta ce lafiya lau, sai dai akwai aiki, kuma ba ƙarami ba.

A cikin manhajojin akwai abin da suke kira jeri. Ba wani abu ba ne illa gurabe da aka jera a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kowanne da lambarsa, kowanne yana riƙe da bayanin sito guda: wane magani ke ciki, wanne ya kusa ƙarewa, wanne ya kusa lalacewa. Shi Kobol tun ranar farko sai ka faɗa masa gurabe nawa kake so, ya yanka maka daidai nan, ba ya ƙara maka ko ɗaya don kunya. Wanda ya rubuta manhajojin kuwa arba'in ya ce.

Mutumin shi ne shugabanta na farko, wanda kowa ke kira Jan Biro, domin duk takardar da ka kai masa sai ta dawo maka kamar an yanka kaza a kanta. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, amma in ya kalle ka ta saman tabarau sai ka ji kana neman laifinka tun bai faɗa ba. Ita ce ƙarama a ɗakin lokacin da ta zo, saboda haka ya sa mata Auta, kuma bai taɓa kiranta da wani suna ba.

Ba ta manta ranar da ya koya mata jeri ba. Ya zo da kiret ɗin ƙwai wanda babu komai ciki, ya zuba alewa ɗaya-ɗaya a kowane rami, ya ajiye a gabanta.

"Auta, ɗauko min ta gurbi na bakwai."

Ta ɗauko.

"Ɗauko min ta talatin da ɗaya."

"Oga, ai babu. Talatin ne."

"Ke kin san babu. Ita kwamfuta ba ta sani ba. Hannu za ta miƙa ta ɗauko duk abin da ke gefen kiret ɗin, ko kofin shayina ne, ta miƙo miki ta ce ga alewa. In kuma ajiya kika ba ta, a cikin shayina za ta jefa."

A lokacin sito ashirin da tara kamfanin ke da su. Da ta ɗan waye da aikin, ta taɓa tambayarsa me ya sa bai yi gurabe ɗari ba a huta. Ya ce mata ƙwaƙwalwar na'urar ba ta kai aljihun yaro ba, kowane gurbi sai an yi masa ciniki. "Kuma Auta, ranar da kamfanin nan zai kai sito arba'in, ni da ke muna gida jikoki na ja mana kunne." Rabin maganarsa ta tabbata. Shi ya daɗe da komawa gida, ita kuma ga ta nan.

Ta fara aikin a kan kwafi, don kada ta taɓa bayanan gaske. Da farko, don ta gani da idonta, ta cusa sabon siton a gurbi na arba'in da ɗaya ba tare da ta faɗaɗa komai ba. Kwamfutar ba ta ce uffan ba, ta karɓa. Da rahoto ya fito sai ga kwanan wata ya hargitse, maganin tarin yara da ya kusa lalacewa ya koma sabo fil. Goggo ta girgiza kai ta ce, "An jefa a shayi."

Daga nan ta bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Duk inda aka ce arba'in ta mai da shi ɗari, ta ƙara tsawon layukan fayil, ta gyara duk wani zagayen lissafi da ke ƙirga gurabe ya tsaya a arba'in. Aiki ne na haƙuri kamar tsintar tsakuwa a shinkafa, amma tana son sa. Wasu layukan ta gane hannunta ne na ƙuruciya, da tsoro da yawan bayani. Wasu na abokan aikin da suka watse ne, wannan ya koma kasuwanci, wancan ya rasu. Takan tsaya ta ce a ranta, wannan aikin wane ne, shi ne ba ya barin fili tsakanin layi da layi.

Komai ya tafi daidai sai manhaja ɗaya, wadda ke fitar da takardar lodi kowace safiya, mai nuna wane kaya za a sa a wace mota. Jan Biro ne ya rubuta ta da hannunsa kafin zuwan Goggo, kuma tun da ba ta taɓa lalacewa ba, babu wanda ya taɓa buɗe cikinta. A ciki ya yi wata dabara ta masu tsimin wuri. Gurabe arba'in ɗin nan ya sake shimfiɗa musu wani fasali a kai, ya ce wa kwamfuta ta kalle su a matsayin sahu takwas, kowane sahu gurbi biyar. Ya sa wa sahun suna LR, ya sa wa gurbin cikinsa TS, bai rubuta ko kalma ɗaya ta bayani ba. Da ta faɗaɗa jerin sai takardar lodi ta rikice, kayan wannan sito suka fito ƙarƙashin sunan wancan, sabon siton kuma ya ɓace gaba ɗaya.

Tana iya ƙara sahu ta wuce wurin. Amma ba ta san me takwas ɗin ke nufi ba, ba ta san me biyar ke karewa ba, kuma a cikin kayan akwai allurar rigakafin jarirai da maganin masu ciwon suga. Ba ta yarda ta yi canki-canki da wannan ba. Ta tambayi shugaban masu lodi, ya ce shi dai tun da ya zo takarda biyar-biyar take fitowa, haka suke bi. Ta yi kwanaki tana kallon haruffan nan huɗu har suka fara bin ta gida.

Maigidanta, wanda ya yi ritaya daga koyarwa ya koma noman tumatir a bokitai a bayan gida, shi ya gaji da ganinta tana juya cokali a kofi ba ta sha.

"Wai mutumin nan ya mutu ne?"

"Wane? Jan Biro? Yana nan da ransa. Na ji dai an ce ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki."

"To ki je ki tambaye shi mana. Kin zauna kina duba kamar mai neman ɓatacciyar akuya, alhali mai akuyar na gida."

Ranar Asabar da la'asar ya ɗauke ta a mota. Sun ɗan yi ɓatan kai, domin unguwar ta cika da sababbin gine-gine, amma gidan na nan yadda ta san shi, da bishiyar lemo a tsakar gida. Matarsa, Hajiya, ta rungume ta tana faɗa. "Auta! Ashe kina gari? Sai yau? Shigo, shigo, ga mutumin naki can yana faɗa da rediyo."

Yana zaune kusa da taga a kujera mai hannu, an lulluɓe masa ƙafafu. Ya ƙara ramewa, hannunsa na dama na kwance a cinya kamar ba nasa ba. Amma kallon ta saman tabarau na nan. Ya dube ta, ya dubi furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwalinta.

"Auta, wa ya ba ki izinin tsufa?"

"Oga, layi na bi. Kai ne a gaba."

Aka gaisa, aka tambayi yara da jikoki, aka kawo shayi. Sai da hira ta ɗan lafa ta ciro takardar da ta bugo, ta shimfiɗa masa a cinya, ta nuna masa wurin da yatsa. Ya ɗaga ta da hannun hagu, ya kai ta kusa, ya kai ta nesa. Ya daɗe yana kallo, leɓɓansa na motsi. Goggo ta ji ta koma yarinyar nan mai jiran jan biro ya sauka.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Kai ne, Oga."

"Ni?" Ya sake dubawa. "To ya yi kyau kuwa. An jera shi tsaf." Ya miƙo mata takardar. "Auta, ba zan yi miki ƙarya ba. Haruffan ina ganinsu, amma ba sa ce min komai. Ciwon nan da ya zo, ya kwashe wannan ɗakin gaba ɗaya, ya bar min sauran gidan."

Ta ce ba komai, dama gaisuwa ce ta kawo ta. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta sunkuyar da kai tana gyara zif ɗin da ba abin da ya same shi. Ba rashin amsar ne ya taɓa ta ba. Shekara da shekaru, duk lokacin da aiki ya cije, takan ji cewa can wani wuri akwai wanda ya fi ta sani. Yanzu ta ga babu.

Shi kuwa hira ta buɗe masa. Abin da ciwon ya bar masa mutane ne, kuma ya bar masa su cif. Ya tuna matar da ke huda katunan da ake shigar wa kwamfuta manhaja da su a da, wadda ke waƙa ƙasa-ƙasa tana aiki, in ta yi shiru to an yi kuskure. Ya tuna ranar da akwatin katunan ya suɓuce a matakala, suka wuni a durƙushe suna jerawa, babban darakta ya zo wucewa ya tuɓe kwat ya taya su. Ya tuna mai shayin bakin get da ke ba su labarin ƙwallo alhali bai taɓa shiga fili ba. Goggo tana dariya tana ƙara masa abin da ya tsallake. Maigidanta da Hajiya suka zama 'yan kallo.

"Direbobi fa?" in ji shi. "Kin same su kuwa? A'a, ina jin kina zuwa aka sayar da motocin. Koraye ne, lori takwas, in suka tashi da safe duk unguwa sai ta sani. Akwai Ba-Birki, akwai Ɗan Gayu mai goge taya da man takalmi, akwai Sarkin Barci. Kullum rigimarmu da su ɗaya ce, su suna so a ƙara musu zango su gama da wuri, likitan kamfani kuma ya ce atafau. Tsayawa biyar, ba ƙari. Lokacin ai babu firji a mota, ƙanƙara ake zubawa a akwatin allurai. In ka wuce tsayawa ta biyar ƙanƙara ta zama ruwa, allura ta tashi aiki."

Goggo ta ajiye kofinta a hankali.

"Oga, lori nawa ka ce?"

"Takwas."

"Tsayawa biyar."

"Biyar. Me ya faru?"

Dariya ta kama ta, irin wadda ba ta tsayawa, har ta kai ga goge ido da gefen mayafi. Hajiya ta ce, "Ke lafiyarki?" Da kyar ta iya yi musu bayani. LR lori ne, TS tsayawa ce. Motocin an sayar da su tun kafin a haifi manajan yanzu, kowace motar kamfani tana da firjinta, amma har safiyar jiya kwamfuta na raba kaya biyar-biyar don kada ƙanƙarar Ba-Birki ta narke.

Jan Biro ya saurara har ta gama. Ya gyara zama.

"Ni na yi wannan dabarar?"

"Kai ka yi."

Ya juya wajen matarsa. "Kin ji ko? Ashe ina da kai."

"Da can," in ji Hajiya. "Sha shayinka ya huce."

Da za su tafi ya riƙe hannun Goggo da hannunsa mai lafiya, ya ce ta dawo, amma kada ta zo da takarda. Ta ce in sha Allah.

Ranar Litinin ta je wurin likitan kamfani na yanzu da shugaban masu lodi, ta tabbatar babu sauran dalilin tsayawa biyar. Shugaban masu lodi har da tafa hannu, ya ce direbobi sun daɗe suna ƙorafin ana dawo da su da rabin mota babu kaya. Ta warware shimfiɗar Jan Biro, ta sake gina jerin yadda yawan motoci da yawan zango za su zama abin da ake faɗa wa manhajar, ba abin da aka ɗaure ta da shi ba. Kafin ta goge layukansa ta daɗe da yatsa a kan maɓallin. Sannan ta danna, ta rubuta bayani dalla-dalla a saman sabon, har da labarin ƙanƙarar, ko da yake ta san da wuya wani ya karanta.

Ranar da za a kai kayan farko sabon sito, ta hau sama wurin lodi don ta ga takardar a hannun masu aiki. Komai ya fito daidai. Direban motar, wani mai ƙiba mai fara'a, ya leƙo ta taga.

"Goggo, ko za ki raka mu? Kafin la'asar mun dawo."

Ta buɗe baki za ta ce tana da aiki, sai ta tuna duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa taka ko ɗaya daga cikin sito-siton ba. Ta san abin da ke cikin kowanne, ba ta san ƙofar ko ɗaya ba. Ta aika a gaya wa manaja, ta kama ƙarfe ta hau.

Siton ɗaki ne mai tsawo a bayan wani kantin kayan gini, yana warin sabon fenti, da fanka biyu a sama da kantoci na ƙarfe na jera kaya da ba komai a kansu. Mai kula da shi wata mata ce gajera mai saurin magana, da biro a soke a ɗankwali. Da direba ya gaya mata wace ce baƙuwar, ta riƙe ƙugu.

"Au, ke ce mai aiko mana da takardar nan? Na yi shekaru a tsohon sitonmu ina karanta ta, na ɗauka inji ne kawai ke yi, ashe da mutum a ciki. To baiwar Allah, tunda na gan ki, don girman Allah ki ƙara girman rubutun. Idona ya ƙare a kanta."

"Zan duba," in ji Goggo.

"Yawwa. Riƙe min wannan."

Ta ɗora mata kwalin maganin tari a hannu. Ya fi yadda Goggo ta zata nauyi, kwalabe na ƙara a ciki. Matar ta wuce gaba tana nuna mata kanta ta uku daga ƙasa, tana ba ta labarin yadda mai fenti ya ɓata mata taga, Goggo na biye da ita da kwalin a ƙirji. Suka jera wannan, suka koma suka ɗauko wani. Har direba ya gama sauke nasa ya fara danna hon, su biyun ba su gama hira ba.